Me ya sa motata ke zafi a cunkoso, ta huce a kan babbar hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla, a Sakkwato nake. Tun shigowar bazara, da zarar na shiga cunkoso sai allurar zafi ta tashi, in na hau babbar hanya kuma ta sauka. Kusan kullum da safe sai na ƙara ruwa. Bakanikena ya ce a cire tamostat, wai don ƙasashen sanyi aka yi ta. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari a cire ta. Bayanin da ka yi ya nuna matsaloli biyu ne a motarka, kuma babu alamar cewa tamostat ce ta jawo ko ɗaya.

An ƙera injin mota ne ya yi aiki da zafi, wajen digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Salsiyas. Ruwa na zagayawa cikin injin ya kwashi zafin, wata-famfo, wato famfon ruwan injin, ta tura shi lagireto, iska ta huce shi, ya koma. Tamostat ƙofa ce a tsakani: tana rufe lokacin da injin ke da sanyi, ta fara buɗewa in zafi ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, gwargwadon irin motar. Idan aka cire ta injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya riƙa shan mai, ya kuma yi saurin lalacewa, ainihin ciwon kuwa yana nan an rufe shi kawai. Gaskiya ne takan maƙale a rufe, to amma a lokacin motar za ta yi zafi ko a cunkoso ko a babbar hanya. Maganin wannan sabuwa ce, kuma ana gwada tsohuwar a tukunyar ruwan zafi a ga ko tana buɗewa.

Zafin da ke zuwa a tsaye ya tafi a guje, fanka yake nunawa. In kana gudu, iska da kanta ke ratsa lagireto. In ka tsaya, fanka ce kaɗai ke jawo ta. Ka tayar da motar, ka kunna esi, ka ɗaga bonet ka duba. In fankar ba ta juyawa, ko tana juyawa a kasale, a duba fiyus da rile (makunnin da ke ba fankar wuta) da na'urar da ke auna zafin ruwa, sannan ɗan injin lantarkin da ke juya fankar. Ka leƙa gaban lagireton ma. Ƙurar hunturu da ƙwari da ledoji kan toshe ƙananan ramukansa, sai bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 a Sakkwato abin ya fito fili.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan da kake ƙarawa kullum. Lafiyayyar mota ba ta shan ruwa. Hanyar ruwan a rufe take ruf, in ya ragu to akwai inda yake fita. Ka kwantar da kwali a ƙarƙashin injin da daddare ka duba da safe. Ka matsa tiyoyin roba da hannu lokacin da injin ya huce, ka nemi tsagewa ko farin busasshen tabo a bakinsu. Kada ka raina murfin lagireto: shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, in robarsa ta mutu ruwan zai riƙa tsiyayewa a matsayin tururi ba ka gani ba.

Idan ba a ga yoyo a waje ba, a duba gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin saman silinda da jikin injin, mai hana ruwa da mai haɗuwa. Alamominsa farin hayaki mai kauri daga salansa bayan injin ya ɗumama, kumfa na tasowa a lagireto, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Wannan ba a jinkirta shi.

Wane ruwa kake zubawa? Ruwan rijiya da na burtsatse na barin tsatsa da farin daskararren datti da ke toshe lagireto ta ciki. A wanke shi, a zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman, irin wanda littafin motar ya faɗa. Ka riƙa duba baƙin mai ma, domin shi ma yana kwasar zafi.

Ranar da allura ta doshi ja kana tafe, ka kashe esi, ka gangara gefe, ka kashe injin. Don Allah kada ka buɗe murfin lagireto a lokacin. Ruwan zai feso ya ƙona fuska da hannu. Ka jira aƙalla minti 30. Kada kuma ka sheƙa ruwan sanyi a kan injin mai zafi, domin saman silindar Corolla na alminiyom ne, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Ka ce wa bakaniken ya fara da fanka da murfin lagireto, sannan ya gwada matsin ruwan ya gano inda yake zuba.