Zarton kan layi: in canza sabo ko in ci gaba da lallaɓa nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Jos, kabad ɗin kicin da wadirob nake haɗawa. Ina da zarton lantarki mai gudu a kan layin alminiyom, amma yanzu ya fara tsattsage min bakin allon MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam. In sayar da shi, in cika kuɗi in ɗauki na kamfanin Makita ko Festool?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin ɗora wa injin laifi. Gam ɗin da ke cikin MDF yana dakusar da haƙora da wuri, don haka fara da sabon faifai mai haƙora 48. Sannan ka duba robar da ke manne a gefen layin. Ita ke danne bakin allo lokacin da haƙori ke fitowa. In ka ga ta zaizaye ko ta fara ɓallewa, ko Festool ka ɗora a kai yankan ba zai fita sumul ba. Akwai kuma maɗauran da ke ƙasan zarton: in sun saki, zai riƙa rawa a kan layin. Ka matse su har ya daina girgiza amma yana zamewa.

In ka yi duk wannan ba ta canza zani ba, to sai a yi maganar saye. Makita SP6000 yana yanka kaurin milimita 56, Festool TS 55 kuma 55. Allon kabad kuwa galibi 18 ne, sun ishe ka har da rara. Babban na Festool, wato TS 75, na masu fama da maɗaci mai kauri ne irin wanda ake ɗaukowa daga kasuwar Katako, kuma nauyinsa kaɗai zai gajiyar da kai kafin la'asar. Ni dai da Makita zan tsaya, rarar kuɗin in zuba a layi, don allo tsawonsa milimita 2440 ne, layin da aka saba haɗowa da zarton kuwa 1400. Ko ka haɗa biyu, ko ka nemi dogon mai 3000.

In na hannu za ka saya, ka karanta ƙaramar takardar da ke jikinsa tun kafin a fara ciniki. Kayan Amurka na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, tamu 230 ce. Kana jona shi kai tsaye zai ƙone.