Jinin kunkuru yana ƙara wa mutum tsawon rai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Daga Daura nake rubutowa. Mahaifinmu ya haura shekara 70, yana fama da hawan jini. Wani mai magani a kasuwa ya ce masa kunkuru yana shekara ɗari biyar, wanda duk ya sha jininsa da garin ƙoƙon bayansa zai gaji shekarunsa. Yanzu Baba ya ajiye maganin asibiti, garin kawai yake sha a kunu. Hankalina ya tashi. Da gaske ne kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Tashin hankalinka yana kan hanya, domin ajiye maganin asibitin da ya yi ya fi garin da yake sha haɗari.

Kunkuru yana daɗewa, wannan gaskiya ne, amma ba shekara ɗari biyar ba. Dabbar tudu mafi tsufa da aka sani da rai shi ne wani ƙaton kunkuru mai suna Jonathan a tsibirin Saint Helena. An kai shi can daga Seychelles a 1882 yana babba, ana ƙiyasin an ƙyanƙyashe shi wajen 1832, ka ga ya zarce shekara 190. Kunkurun fadar Ogbomoso da ya mutu a 2019 an ce ya yi shekara 344, sai dai masana ba su gamsu da wannan lissafi ba. A teku ne ake samun masu shekaru na gaske. Binciken da aka buga a 2016 ya ƙiyasta wa wani kifin shak na tekun Girinlan kusan shekara 400, kuma wata halitta mai ƙwarya biyu, dangin dodon-koɗi, da aka tsamo kusa da Aisilan a 2006 an ƙirga mata shekara 507. Itatuwa kuwa sun bar waɗannan dabbobi nesa: akwai wata bishiya a Kalifoniya ta Amurka da ta haura shekara 4,800.

To ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai na ji wannan magana, cewa tsawon ran dabba yana cikin jininta ko namanta, ana iya ɗura shi a cikin mutum. Ƙarya ce tsagwaronta. Abin da ke sa waɗannan halittu daɗewa yana cikin ginin jikinsu: jiki mai aiki sannu a hankali, zama cikin ruwan sanyi ƙalau, da ƙwayoyin gado masu gyara ɓarnar da shekaru ke yi wa jiki. Kifin shak ɗin nan sai ya kai wajen shekara 150 kafin ya isa haihuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bi ta maƙogwaro. Jini ko nama in ya sauka ciki, hanji zai narkar da shi ya zama abinci kawai. Ɗanyen naman wannan kifin ma guba ne, yana bugar da mutum da kare. Ƙoƙon kunkuru kuwa ƙashi ne da wani sinadari irin na farce da ƙaho. Shi Baba yake biya wa kuɗi.

Mu dubi gida. An auna wata kuka a Zimbabuwe aka samu ta kai wajen shekara 2,450. Da cin abu yana gadar da shekarunsa, da mutanen Katsina da Daura da ke tashi da miyar kuka su kwana da ita sun fi kowa daɗewa a duniya. Mai maganin ya san wannan sarai. Abin da yake sayarwa tsoron mutuwa ne, kuma tsofaffinmu yake farauta saboda ya san ba za su tambaye shi hujja ba. Ƙullin leda ba suna, ba lambar hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna, ba wanda ya san me aka daka a ciki, ga lasifika yana ta rantse-rantse. Gobe ya naɗe tabarmarsa ya tafi wata kasuwar, ku ya bar ku da jinya. Ta wannan hanya kuma ake ƙarar da babban kunkurun dajin Sahel, wanda yanzu yana cikin dabbobin da ake fargabar ɓacewarsu.

Ɗanyen jinin ma ba lafiya ba ne. Kunkuru da sauran masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai kawo amai da gudawa da zazzaɓi, kuma ga dattijo irin Baba tana iya shiga jini. Hawan jini shi kuma ba ya sallama. Mutum zai ce ya ji sauƙi, alhali ciwon yana cin ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Ajali na hannun Allah, babu mai ja, amma shi ya umarce mu da neman magani a wurin waɗanda suka san shi.

Kada ka je wa Baba da faɗa, ka san halin manya. Ka nemi wani ɗan'uwansa ko limamin da yake jin maganarsa su lallashe shi. Ku kai shi asibiti yau a auna jininsa, ku tafi da ƙullin garin da kwalin tsohon maganinsa likita ya gani, shi zai faɗi yadda za a ci gaba da sha. In kuwa kun ga bakinsa ya karkace, ko maganarsa ta sarƙe, ko hannu ɗaya ya yi nauyi, ko ciwon kai mai tsanani ya taso masa, ku ɗauke shi nan take ko da tsakar dare ne.