Ɗana ya shiga ƙungiyar masu babur: in hana shi ko in ƙyale shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Mijina ya rasu shekara huɗu ke nan, ya bar ni da yara biyar. Babbansu yana da shekara 19, yana koyon gyaran waya, ya tara kuɗi ya sayi babur na hannu. Yanzu ya shiga cikin wasu samari da suke fita yawo a jere duk ranar Lahadi, suna kuma yin rakiyar amarya. Na ce ya fita daga cikinsu, ya ce ai zumunci ne kawai, har ya ce ya taɓa karantawa a wannan shafi cewa kai ma ka yi kulob ɗin babur da ƙuruciya. Da gaske ne? In hana shi ko in ƙyale shi? Duk ranar da ya fita ba na iya cin abinci sai ya dawo.
Daga wata uwa, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya raya abin da ya bari.

Yaron bai yi miki ƙarya ba. Na yi kulob, shekara kusan tara ina cikinsa, kuma tun da takardarki ta shigo hannuna nake ta tuna mutanen da rabona da ambaton sunansu an daɗe.

A farkon 1975 aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnatin Gowon ta yi, haɗe da ariyas na watannin baya. Ina ƙaramin akawu a Kano, shekarata 21, ban taɓa riƙe kuɗi masu yawan haka ba. Wasu suka yi aure, wasu suka sayi rediyo mai kaset da fanka, ni kuwa na cika da ɗan abin da na tara na sayi Honda 175. Ranar da na kawo ta gida mahaifiyata ta zagaya ta sau biyu, ta dafa tankin, ta yi addu'a, sannan ta koma ɗaki ba ta ƙara cewa uffan ba. Sai da na haifi nawa na gane abin da shirun nan yake nufi, shi ne abin da yake hana ki cin abinci yau.

Mu goma sha huɗu ne muka fara. Akwai akawuna irina, akwai malaman firamare biyu, tela ɗaya, da yaran 'yan kasuwar Kwari. Masu Honda sun fi yawa, sai masu Yamaha da Suzuki, sai mutum uku masu Vespa, waɗanda kullum fes suke saboda ba sa ɓata ƙafar wando. Matattararmu gindin wata darbejiya ce a Fagge, kusa da rumfar wani makanike da ya girme mu da kusan shekara ashirin. Mun so mu naɗa shi shugaba ya ƙi, ya ce mu zaɓi namu a cikinmu, shi dai babu wanda zai fita tafiya sai ya duba masa babur. Kuma haka aka yi. Zai tsuguna ya murza taya, ya ja sarƙa da yatsa ya ji ko ta saki, ya matsa birki, ya kwance fulogi ya dubi launin bakinsa. In ya ce yau ba za ka je ba, to ka haƙura, ko da kuwa ka riga ka sha mai.

Naira ɗaya muke zubawa duk wata, akwai ma'aji da littafi. Wanda ya makara tarar sule biyu. Wanda ya wuce na gaba a jerin tafiya, kobo hamsin. Da kuɗin nan muka yi wa mutum shida gudummawar aure, muka biya wa ɗaya kuɗin magani da ya karye a ƙafa, muka sayi likkafani da mahaifin telanmu ya rasu. Ranar Lahadi bayan an karya, sai mu jeru bibbiyu mu kama hanyar Zariya, mu wuce Kura, mu karkata zuwa Bagauda ko Tiga. Lokacin madatsar Tiga sabuwa ce, zamanin Audu Baƙo aka gina ta, yawancinmu ba mu taɓa ganin ruwa mai faɗin haka ba. Mu yi sallar azahar a bakin ruwa, mu sayi soyayyen kifi, mu yi ta gardamar wane babur ya fi wane. Mai ba abin damuwa ba ne, ko da gwamnatin Obasanjo ta ƙara masa kuɗi a 1978 lita kobo 15 da 'yan kai ta koma.

Ban taɓa samun abokai irin waɗannan ba, kuma ba zan rage wa abin daraja don in tsorata ɗanki ba. Yaron da ba shi da uba yana buƙatar maza a kusa da shi, in bai same su a wuri mai kyau ba zai neme su inda ya samu. Amma tunda ya kafa hujja da ni, ina so ki ba shi wannan shafi ya karanta sauran labarin, wanda ban taɓa rubutawa ba.

Bayan Babbar Sallah ne, a 1979. Mun daɗe a Tiga fiye da yadda muka saba, muka taso rana ta yi ja. Hanyar Zariya a wancan lokaci guda ɗaya ce, mai zuwa da mai dawowa duk a kanta suke. Ina jere da ɗaya daga cikin malaman nan biyu, aminina, wanda saura wata biyu bikinsa. Ni na fara murɗa totur. Na dube shi na yi dariya, ya gane, ya biyo ni. Muka bar jeri, muka bar shugaba yana ta danna mana hon. Ya wuce ni a wata 'yar kwana, kuma bayan kwanar akwai babbar mota da ta lalace a kan titi, babu fitila, sai 'yan ganyayen da aka zuba a baya. Ni na samu na kauce na faɗa gona. Shi bai samu ba.

Babu ko ɗayanmu da yake da hular kwano. Hular saƙi ce a kansa, na tsince ta a gefen kwalta, ko ƙura ba ta yi ba. Jikinsa babu wani babban rauni, kan ne kawai. Muka tare wata a-kori-kura ta kai shi asibiti, kafin asuba ya cika. Ni da makaniken nan muka je gaya wa mahaifiyarsa. Tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago ta gan mu mu biyu babu shi, sai ta ajiye rariyar a hankali. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan, har yau in na rufe ido ina ganin rariyar nan.

Kulob bai mutu a ranar ba. Mun sayi hulunan kwano daga asusu, muka sa doka cewa duk wanda ya yi tsere an kore shi. Abin da ya watsa mu daga baya aure ne da canjin wurin aiki da tsadar kayan gyara, musamman bayan tsuke bakin aljihun 1982 da kuma shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986. Wasu cikinmu da babur ɗin yawon nan suka koma yin acaɓa da dare don ciyar da gida.

To, 'yata, ga shawarata. Kada ki ce masa ya fita kai tsaye, domin zai ce to, ya riƙa fita a ɓoye, ki rasa ma sanin inda yake. Ki nemi baffansa ko kawunsa, namiji mai nutsuwa, ya je matattarar tasu ranar Lahadi ya zauna ya gani da idonsa. Wa yake shugabantarsu? Akwai babba da suke jin maganarsa? Suna tsayawa sallah? Me suke sha? A zamaninmu abin da muke tsoro gudu ne kaɗai, yanzu kuwa ga ƙwaya da maganin tari a hannun yara, kuma wanda ya sha ya hau babur ba kansa kaɗai ya sa a haɗari ba. Idan rakiyar amaryar tasu irin wadda nake gani ce, a ɗaga tayar gaba, a saki hannu, a cire salansa, a yi ta juyi a tsakiyar mata da yara, to wannan ganganci ne, ki cire shi ko da zai yi wata bai yi miki magana ba. Mu ma mun yi rakiyar amare, amma a bayan motar amarya muke tafiya, a jere, har ƙofar gidan ango.

Idan kuwa baffan ya dawo ya ce yaran kirki ne, sai ki kafa masa sharuɗɗa a gaban baffan. Ya yi lasin da takardun babur. Ya dawo gida kafin magariba. Kada ya goya mutum biyu. Sannan hular kwano ta gaske, mai igiyar ɗaurewa a haɓa, kuma ya ɗaure ta. Na san samari suna jin kunyarta. Da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa ta a farkon 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a kai don su wuce jami'ai, ina kallonsu a titi zuciyata tana ƙuna. In kuɗin hular ne zai kawo tsaiko, ki aiko wa mujalla saƙo a sanar da ni, zan saya masa.

Cikin mu goma sha huɗu, mu biyar muka rage. Duk bayan Babbar Sallah muna haɗuwa mu ziyarci ƙannen aminin nawa, mu yi masa addu'a. Bana zan gaya musu labarin ɗanki, mu sa shi a ciki.