Mek mafi ƙarfi a MechWarrior 5: ya danganta da wa ke tuƙi

Ɗan'uwa, ka nemi a jera maka mek-mek (manyan butum-butumin yaƙi da mutum ke shiga ya tuƙa) mafi ƙarfi a wasan kwamfuta na MechWarrior 5: Mercenaries daga na ɗaya zuwa ƙasa, kuma ka ce kuɗin sayen mek ɗin da ake kira Atlas kake tarawa tunda kowa na cewa shi ne sarki. Zan ba ka nawa jerin, amma wasan zalla nake nufi, wanda Piranha Games suka fitar a 2019, ba wanda aka yi wa kwaskwarima ba. In ka ɗora kwaskwarimar da ake kira YAML har inji kana iya canzawa, to lissafin ya zama wani daban.

Kafin jeri, ka tuna mek huɗu kuke sauka fagen daga, ɗaya kawai kake tuƙawa, sauran ukun kwamfuta ce ke jan su. Kai ka san ka juya ƙirji ka tare harbi da hannun da ba komai a cikinsa, ka san ka ja baya in zafi ya yi yawa. Matuƙan kwamfuta ba ruwansu da wannan, gaba kawai suke dannawa. Shi ya sa jerina kashi biyu ne, kuma ƙarfi a wajena shi ne mek ya gama aiki ya dawo da hannuwansa biyu. Kwantiragin da ka ci amma gyara ya cinye ladan, mek kuma ya yi makonni a hannun makanikai, ba riba ba ne.

In kai ne a kan kujera, King Crab ne na ɗaya. Tan 100 ne, kuma samfurin KGC-0000 yana ɗauke da igwa AC/20 guda biyu, ɗaya a kowane hannu, ga LRM15 (rokoki masu cin dogon zango) da babbar leza. Ka laɓe bayan gini har mek ɗin maƙiya irin Centurion ko Shadow Hawk ya zagayo kwana, ka saki igwa biyun tare a tsakiyar ƙirjinsa, za ka ga sulken wajen ya koma ja nan take, saki na biyu sau da yawa ya gama magana. Amma yana da halinsa. Hannuwan a ƙasa suke sosai, don haka kana iya hango abokin gaba sarai daga ɗakin tuƙi, ka harba, harsashin ya daki tudun da ke gabanka. Bayansa faffaɗa ne, rokokin LRM suna sauka a kai yadda suke so. Harsashin AC/20 kuma ba ya da yawa, in aiki ya yi tsawo sai ka wayi gari leza ɗaya kake kare kanka da ita. Wannan mek ɗin kada ka ba kwamfuta, za ta dawo maka da shi ba hannu, igwa biyu masu tsada sun tafi.

Atlas AS7-D ne na biyu a hannunka, kuma ba raini ba ne. Abin da ya fi King Crab da shi shi ne inda aka ajiye makamansa: AC/20 a ƙirjin dama, LRM20 da SRM6 (rokoki masu cin gajeren zango) a hagu, hannuwa kuwa lezoji matsakaita kawai suke riƙe da su. Ko an guntule masa hannu, ƙarfinsa na nan. Matsalarsa makaman ba su jitu da juna ba, LRM na son nesa, AC/20 da SRM na son kusa, shi kuma kilomita 48 da ɗoriya yake yi a awa. Ni cire LRM20 nake yi in ƙara harsashi da na'urorin sanyaya, ya zama na gaba-da-gaba kawai.

Na uku Battlemaster, tan 85, saboda gudu. Yana kai wajen kilomita 64 a awa, kuma a aikin kai hari inda za ka bi wurare uku huɗu kana rusawa, wannan tazarar ita ce ke hana jirage masu saukar ungulu da tankoki su yi ta tsattsagar sulkenka a hanya.

Ga matuƙan kwamfuta kuwa, Awesome AWS-8Q ne zakara. Tan 80, PPC uku (igwa mai harba ƙarfin lantarki maimakon harsashi), na'urar sanyaya 28, ba harsashi ko ɗaya a jikinsa. Ba abin da zai ƙare, ba abin da zai fashe a ciki, kuma kwamfuta ta iya saitin PPC fiye da yawancinmu. Ka ba biyu daga cikin tawagarka Awesome, ka nuna musu abokin gaba ɗaya da umarnin haɗa wuta, kafin ya iso inda kake rabin sulkensa ya zube. Stalker STK-3F na biye masa. Siririn gaba gare shi, wuyar samu in ya fuskance ka, makamansa kuma a sama suke, yana leƙo tudu ya yi harbi jikinsa a ɓoye. Sai dai yadda ake sayar da shi, da LRM10 biyu, SRM6 biyu, manyan lezoji biyu da matsakaita huɗu, zafi yake ɗauka har injinsa ya mutu yana tsaye. Ka rage masa makami, ka cike gurbin da sanyaya. Atlas ma ya dace da kwamfuta, don yana shan duka ya tashi.

Annihilator fa? Na san za a ce na manta da shi. Ban manta ba. AC/10 huɗu ba wasa ba ne, a aikin tsaron sansani inda maƙiya ne ke zuwa su same ka, babu kamarsa. Amma kilomita 32 a awa tafiyar kunkuru ce, ga shi dogo, kowa na hango shi daga nesa. Wajen tsaro ka fito da shi, sauran ayyuka ka bar shi a gida.

Sai abin da zai fi shafarka yanzu, tunda har kana maganar tara kuɗi: kowane kwantiragi yana da iyakar nauyi, kuma sai can gaba ake kai wa tan 400. A ce an ba ka tan 230. Atlas ya ɗauke 100, saura 130 a raba wa uku, wato ƙananan mek da za a murƙushe su bar ka kai kaɗai. Gara huɗu masu matsakaicin nauyi. A nan Marauder mai tan 75 da Warhammer mai tan 70 suke cin kasuwarsu, kowanne da PPC biyu, ko da yake a hannu suke, sai an kula. Black Knight ya fi su kwanciyar hankali, leza ce zalla da PPC. Hunchback mai tan 50 kuwa shi ne mek ɗin da zai ciyar da kamfaninka a farkon wasa, musamman samfurin 4P mai tarin lezoji a kafaɗa, matuƙar ka riƙa juya kafaɗar daman nan daga wuta. Aikin rusau kuma, Firestarter mai tan 35 zai ƙone gari ya fice kafin Atlas ya kai bakin ƙofa.

Biyu ne zan ce ka kauce musu ko an yi maka araha. Charger CGR-1A1 tan 80 ne amma ƙananan lezoji biyar kacal yake da su, inji ya cinye nauyin. Banshee BNC-3E ma haka, tan 95 da makamin da bai kai na mek mai tan 60 ba. In sun faɗo maka a ganima, ka sayar.

Shawarata ka ɗage sayen Atlas tukuna. Ka nemi Awesome ko Stalker don tawagarka, kowane mek ka samu ka fara cika masa sulke kafin ka taɓa makami, sannan wajen cinikin kwantiragi ka riƙa zuba makinka a kason ganima. In kana harbin ƙafa ko kai maimakon ƙirji, manyan mek ɗin da kake hange a kasuwa za ka riƙa kwasar su a fagen daga.