Timpani na cewa "dib", laifin makaɗi ne?

Tambaya: Malam, ni ɗan ƙungiyar kiɗan coci ne a Gombe. An kawo mana timpani, manyan gangunan nan na Turawa masu ƙoƙon tagulla, guda biyu na hannu, aka ce ni zan riƙa kaɗawa tunda na iya gangar fareti. Amma in na buga sai ta ce dib, ba amo. Wane irin makaɗi zan saya?

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Ina zargin hannunka kafin makaɗin. Mai gangar fareti ya saba da dukan tsakiyar fata, a timpani kuwa tsakiya nan ne mataccen wuri. Matso baki, ka bar kamar inci 4 daga gefe, faɗin tafin hannunka ke nan, ka sake bugawa ka ji.

Sannan kada ka bar makaɗin ya kwanta a kan fata. Yana taɓawa ka ɗauke shi, kamar wanda ya taɓa murfin tukunya mai zafi. Ƙoƙon tagullan nan da ke ƙasa shi ke riƙe amo, irin yadda cikin tamburan gidan sarki ke yi ranar Sallah, in ka danne fatar ka shaƙe shi. Riƙon ma sassauta shi: babban yatsa da manuni su kama, sauran su tallafa. Faransawa kan ɗora babban yatsa a sama, Jamusawa su kife tafi. Ni na fi son na Faransa wajen dogon kaɗi mai gurnani, wanda ake yinsa hannu ɗaya bayan ɗaya, ba a barin sanda ta yi ta tsalle da kanta kamar a gangar da ka saba. In kana son amon ya tsaya, ɗora yatsu uku a kan fatar a hankali.

Batun makaɗi kuwa, sandarsa gora ce ko katako, kansa a naɗe da ulu. Mai taushi na ba da sauti mai kauri, ya dace da babbar ganga mai inci 29 ko 32 da waƙa mai tafiyar hawainiya. Mai tauri na fito da kowane bugu sarai a kiɗa mai sauri. Tun 1830 Berlioz, wani Bafaranshe mai tsara kiɗa, ke rubuta wa makaɗa irin sandar da yake so a cikin takardar kiɗansa, har da mai kan soso. Kai dai fara da matsakaici, guda biyu masu nauyi ɗaya. Kada ka riƙa shafa ulun da hannu, maiƙon jiki na ɓata shi, kuma ka raba timpani da sandar fareti, tana lotsa fata.

Duba ko fatar taku ta maraƙi ce ko ta roba. In ta maraƙi ce, hunturun Gombe zai ɗaure ta sautin ya hau, damina ta sake ta ya sauka, don haka sai ka daidaita feda, abin takawan nan da ke ɗaure fata ko sassauta ta, kafin kowace sujada.