Yadda masu gida ke zama a Zangon Kumasi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kana son tara masu filaye na unguwarku a Kano su sha shayi su san juna, kana tambaya ko mu ma muna yi. Muna yi, amma kafin ka ɗauki namu, bari in gaya maka inda muka sha bamban.

A Kumasi babu Bahaushen da zai bugi ƙirji ya ce ƙasa tasa ce. Ta kujerun sarautar Asante ce, wato ƙabilar da ke da garin, kuma tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana a sayar da irinta sayarwa ta har abada. Abin da ke hannunmu haya ce mai tsawo, galibi shekara 99, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ba ya wuce 50. Gini namu ne, kuɗin ƙasa kuma muna biya. Shi ya sa ba ma cewa masu fili, sai dai masu gida. Tsofaffinmu ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Busia ta kori baƙi marasa takarda, mutane suka tafi suka bar abin da suka tara. Har yau in ka ambaci takardar gida a bainar jama'a, sai ka ga fuskoki sun canja.

To, saboda haka zamanmu ba shi da shugaba, ba shi da littafi. Da zarar an ga biro da takarda, rabin mutane za su zaci rikicin iyaka ne, su zame. Ba ma buga kati. Dattijo ɗaya ne yake bin gida gida da goro, bayan an sanar da sarkin unguwa.

Rana ma sai an lura. Asabar ta jana'iza ce a wurin Asante, duk maƙwabtanmu suna can sanye da baƙaƙe da jajayen kaya. Mukan zaɓi Lahadi bayan la'asar, sun dawo daga coci, mu kuma duba kada ta zo daidai da Akwasidae, ranar bikin gargajiyar Asante wadda ake yi a Manhyia, fadar sarkinsu, duk mako shida. Gayyatarsu dole ce, domin kwata ɗaya muke zuba ruwa, in rafin Aboabo ya cika kuma ba ya tambayar addinin kowa. In sun zo, irin tasu gaisuwar muke bi: a ba baƙo ruwa tukuna, a yi musabaha daga dama zuwa hagu. A al'adarsu kwalbar giya ake kai wa sarki. Mu goro da lemo muke bayarwa, sun kuma saba da mu a haka, don goron ne ya kawo kakanninmu nan tun farko.

Abinci ba wahala: waakye, wato shinkafa da wakenmu ne ya sami sabon suna, sai ƙosai da fura. Kowa ya ba da 'yan sidi, wato kuɗin Gana, gwargwadon hali. Hajiyoyi ma suna zuwa da tabarmarsu, don da yawansu da kasuwanci suka gina gidajensu.

Maganar katanga ko ta ɗan haya, a gefe take fitowa, mutum biyu da dattijo ɗaya, wani lokaci a kan hanyar masallaci da magariba. Kai ma ka fara da mai unguwa, ka bar littafi a gida. Ka gaishe min da mahaifinka, ka ce masa ina nan tafe bayan Sallah in Allah ya yarda.