Me ya sa sarbo ke karkarwa idan na haɗa shi da batir mai bolt 9?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa ƙaramin hannun roba da Arduino Uno (ƙaramar kwamfutar sarrafa na'urori) da sarbo biyu (ƙananan injinan da ke motsa gaɓoɓin hannun) samfurin SG90. Na ɗauko wuta daga batir mai bolt 9, na bi da ita ta regileta 7805 (na'urar daidaita bolt) don ta koma bolt 5. Da sun fara motsi sai su kama karkarwa, Arduino ya mutu ya sake tashi, regiletar kuma ta yi zafi. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, lissafin bolt ɗinka daidai ne, SG90 na aiki tsakanin bolt 4.8 da 6. Abin da ya gaza shi ne yawan wutar da batirin ke iya turowa a lokaci guda.

Sarbo yana zaune ba ya shan abin kirki, kamar miliamfiya 10. Yana tafiya yakan sha 100 zuwa 250. Amma lokacin da zai yunƙura daga tsaye, ko kaya ya danne shi, yakan kai wajen 650. Biyu suka yunƙura tare, sun haura amfiya ɗaya. Batir mai bolt 9 kuwa an yi shi ne don mita da ƙananan na'urori. Da an matsa masa haka sai ƙarfinsa ya zube. Ita 7805 tana son abin da ke shigar mata ya ɗara wanda take fitarwa da kamar bolt 2, wato kada ya gaza 7. Da ya gaza, bolt 5 ɗin ya faɗi, Arduino ya ɗauke. Ɗora mita a kan batirin yayin da sarbo ke motsi, da idonka za ka ga lambar tana nutsewa.

Zafin kuma ɗabi'ar 7805 ce: rarar wutar ƙone ta take yi. Ka cire 5 daga abin da ke shiga, ka ninka da amfiyar. Daga bolt 9 a rabin amfiya, wat 2 ke nan, kuma ba tare da ƙarfen alminiyom mai shan zafi ba, wat 2 ya isa ya hana ka taɓa ta. Balle a zafin watan Afrilu. Idan ta ƙure, da kanta take yanke wuta har ta huce.

Shawarata, ka ajiye batirin nan. Nemi batir mai caji samfurin 18650 guda biyu ka jera su, fozitif ɗin ɗaya a nagatif ɗin ɗayan, su ba ka bolt 7.4, cike kuma 8.4. Ka kula a kasuwa: duk wanda aka rubuta masa 9900mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa) ƙarya ce, na gaske ba ya wuce 3500 da wani abin kirki. A madadin 7805 sa ƙaramin allon rage wuta mai LM2596, wanda ba ya ɓarnar wuta sosai. An rubuta masa amfiya 3, amma ka ɗauke shi a 2. Kafin ka jona komai, ɗora mita a bakin fitarsa, ka murɗa ɗan sukurun da ke kan shuɗin akwatin har ta nuna 5.0. Wani lokaci sai ka yi ta murɗawa sau goma kafin lambar ta motsa, kada ka zaci ya lalace. Mutane da yawa a nan suke ƙone sarbo, don sun jona kafin su saita.

Jar wayar sarbo da mai ruwan ƙasa su tafi kai tsaye zuwa allon, kada su bi ta ƙafar 5V ta Arduino. Mai ruwan lemo ce kaɗai za ta je wa Arduino. Sannan dole ka haɗa GND na Arduino, wato ƙafarsa ta nagatif, da nagatif ɗin allon, in ba haka ba sarbo ba zai gane saƙon da ake aika masa ba, karkarwar ta dawo. Daf da sarbon, sa kafasita (ƙaramar ma'ajiyar wuta) 470µF zuwa 1000µF mai bolt 10 ko 16, ƙafar da ke gefen zanen da ke jikinta tana kan nagatif. Ita ke tare yunƙurin farko. Wayoyin wuta su zama gajeru masu kauri.

In kuma kana da batir AA masu caji samfurin NiMH, huɗu a jere na ba da bolt 4.8, sarbo zai sha kai tsaye ba sai da regileta ba. Ranar da ka koma babban sarbo irin MG996R, wanda ke kai amfiya 2.5 idan ya cije, ware wa kowanne allonsa.